Tsiron da taki ke kashewa: ko zai yi a hunturun Daura?

A Turai da Arewacin Amurka, da zarar ganye ya fara zuba a watan Oktoba, masu sha'awar kiwon tsirrai masu cin ƙwari sukan fito da 'yan ƙullin irinsu. Wasu su jefa a firji na wata guda ko fiye, wasu su barbaɗa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa su ajiye a ɗaki ƙarƙashin fitila, don kafin ɗumi ya dawo yabanyar ta kankama. Bidiyoyin wannan aiki sun daɗe da shigowa wayoyin yaranmu, musamman na ganyen nan mai haƙora da ke datse ƙuda kamar ƙiftawar ido. Daga kallo sai tambaya ta biyo baya: idan mutum yana zaune a Kusugu ko a wata unguwa ta Daura, ya samu irin, ya bi abin da ya gani daki-daki, zai tsiro?

Wasu za su tsiro. Amma wanda ya kwafi tsarin Bature yadda yake, zai kashe kuɗinsa a kan matsalar da ba tasa ba, ya bar tasa tana jiransa. Bature yana fama da sanyi da duhu ne. Mu a nan abin da zai hana mu barci shi ne ruwa, sai bushewar iska, sai zafin bazara da ke tafe a baya.

Sai an san dalilin cin ƙwarin kafin a gane sauran. Tsirran nan sun haura nau'i 700 a duniya, kuma yawancinsu suna rayuwa ne a fadamu masu tsami da yashi mai damshi, inda ruwa ya wanke ƙasa har ba ta da abin ba shuka. Abin da manomi ke saye a buhu da sunan yuriya da kamfa da supa, wato sinadaran naitrojin da fosfaras, shi suke tatsa daga jikin ƙwaro. Hasken rana ne abincinsu kamar kowane ganye, ƙwaron kuwa taki ne. Charles Darwin ya shafe shekaru yana ɗora wa ganyen Drosera, ɗaya daga cikin tsirran nan, gutsuren nama da farin ƙwai yana lura da yadda yake naɗewa, ya fitar da littafi a kan haka a 1875. Saboda saiwarsu ta saba da ƙasar da ba ta da komai, ba ta jure gishirin taki. Manomin Daura da ya tausaya wa ɗan tsiron ya zuba masa kashin tumaki ko ƙwayar kamfa biyu, ya gama da shi ke nan. Wannan ne abu na farko da ke yi wa mai noma wuyar haɗiya, don duk abin da ya koya a gona ya ce masa akasin haka.

Maganar firji kuwa ba baƙuwa ba ce in an dube ta da idon manomi. Kowa ya san ƙuduji. Irinsa ƙura ne, yana kwance a ƙasa shekara goma ko fiye, ruwa na sauka a kansa kowace damina bai motsa ba, sai ranar da saiwar gero ko dawa ta matso kusa ta saki wani sinadari, sannan ya tsiro ya kama ta. Masu renon itatuwa kuma sun san ƙwallon kuka da na gawo sai an jiƙa su a ruwan zafi ko an kankare bayansu kafin su fashe da wuri. Iri yana da alamar da yake jira, kowanne da tasa. Irin Sarracenia, mai ganye kamar ƙaho a tsaye wanda ƙwaro ke zamewa ya faɗa ciki, yana nuna ne da kaka a kudu maso gabashin Amurka. Da zai tsiro nan take, sanyi zai halaka shi, don haka ba ya buɗewa sai ya ji makonni na sanyi da damshi sun wuce. Firjin yaudara ce: a sa irin a jiƙaƙƙen gansakuka ko takarda mai laushi, a ƙulle a leda, a ajiye a wajen digiri 4 na mako huɗu zuwa shida, sai ya ɗauka hunturun ƙasarsa ya zo ya tafi. A busasshe ba ya aiki, dole sanyin ya haɗu da damshi. A sashen ƙanƙara kuma irin da ya sha ruwa lalacewa yake yi.

To a nan gizo ke saƙa. Firjin da ake ɗauke wa wuta rabin yini ba ya riƙe digiri 4. Ya yi sanyi da asuba, ya ɗumama da la'asar, kuma jiƙaƙƙen iri a cikin leda mai ɗumi fumfuna yake gayyata. Mai firjin sola ko mai sayar da ƙanƙara da lemo da ba ya rabuwa da janareto, shi ne ke da damar gwadawa. Wani zai ce ai hunturu ma sanyi ne. Haka ne, amma daren Disamba da Janairu a Daura yakan sauka ne wajen digiri 12 zuwa 14, da rana kuma ya koma kusan 30. Jikinmu na jin ɗari, irin Sarracenia bai ji komai ba. Haka ma randar nan ta tukunya cikin tukunya, wadda Malam Muhammad Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Jiƙaƙƙen yashin da ke tsakanin tukwanen biyu yana janye zafi sosai idan iska ta bushe, tumatir da alayyafo su kwana biyu ba su lalace ba, amma ba ta kai sanyin firji. Amfaninta yana can gaba, zan zo kansa.

Abin da bidiyoyin ba su cika bayyanawa ba shi ne yawancin nau'o'in da sabon shiga zai so ba sa buƙatar firji ko kaɗan. Ita kanta mai tarkon, wato mai ganyen haƙoran nan, Dionaea muscipula, wadda ta ja hankalin kowa, irinta yana nuna ne a farkon lokacin zafi, kuma sabonsa yana tsirowa cikin mako biyu zuwa biyar in ya samu ɗumi da damshi. Drosera capensis ta Afirka ta Kudu haka take, sauƙinta ma har ya sa masu kiwo ke kiran ta ciyawa, don tana zubar da iri a tukwanen maƙwabtanta. Drosera indica da Drosera burmannii 'yan ƙasashen zafi ne, shekara ɗaya suke yi su ba da iri su mutu. Saboda haka mutumin Daura zai iya tsallake babin firji gaba ɗaya idan ya iya zaɓe.

Babin fitila ma gajere ne a wurinmu. A Landan, yinin ƙarshen Disamba bai kai awa 8 ba, kuma rana tana can ƙasa-ƙasa bayan gajimare. Shi ya sa suke kunna fitila awa 14 ko 16 a kan yabanya. Daura tana kan layi na 13 a arewa da tsakiyar duniya, mafi gajartar yininta ya ɗara awa 11. Ko hazo ya rufe gari, hasken da ke zirayin gida ko bakin tagar gabas ya isa. Abin tsoro ma shi ne yawansa: tukunyar da aka rufe da leda aka bar ta a tsakar gida da azahar, cikin ɗan lokaci ta dafa abin da ke cikinta. Ranar hantsi da inuwa mai haske bayan nan, shi ke nan. Amma ƙuryar ɗaki irin namu mai ƙaramar taga da labule ba ta isa ba, a can kam sai an nemi fitilar LED.

Yanzu ga babbar magana. Daura gari ne da tarihinsa ya rataya a wuyan rijiya. Duk ɗan firamare ya san labarin Kusugu, da macijin da ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, da Bayajidda da Daurama. Har gobe baƙi na zuwa su sha ruwanta. Mun taso da sanin cewa ruwan rijiya ruwa ne mai kyau, kuma ga mutum da dabba da tumatir haka ne. Sai dai duk ruwan da ya kwanta a ƙarƙashin ƙasa, na rijiya ko na burtsatse, yana narkar da wani abu daga duwatsun da ya ratsa: alli, kanwa, gishiri iri-iri. Harshe ba lallai ya ji ba, amma farin abin da ke taruwa a gindin butar shayi shaida ce. Su kuwa tsirran nan ana shayar da su ne ta ƙasa, tukunya tana zaune a cikin faranti mai ruwa kamar yatsa ɗaya. A hunturu ruwan yana tashi sama da sauri, gishirin ya tsaya. A ƙara ruwa gobe, ya sake tashi, gishirin ya ƙaru. Ruwan da ya fara da ɗan kaɗan, bayan wata biyu ya mayar da ƙasar tukunyar abin da saiwar ba za ta iya zama ciki ba. Mai shi zai ga bakin ganye yana yin baƙi, sabon ganye yana fitowa ƙarami fiye da na jiya, ya ɗauka ciwo ne ko yunwa, ya ƙara taki.

Masu kiwo suna auna wannan da wata 'yar na'ura mai kama da alƙalami, irin wadda masu gidajen ruwan leda ke amfani da ita, ana tsoma ta ta nuna lamba. Ƙa'idar da suka fi bi ita ce kada lambar ta wuce 50. Tafasa ruwa ba ya rage ta, ƙara ta yake yi, tunda ruwan ne ke tafiya ya bar gishirin. Alif yana kwantar da laka ne kawai, kuma shi kansa gishiri ne. Ruwan leda sai an auna, don wani kamfanin yana tacewa da injin da ke cire gishiri, wani kuwa ruwan burtsatse ne aka tace datti aka ƙulle. Tataccen ruwan da masu batir ke sayarwa yana yi, muddin an tabbatar ba wanda aka haɗa da asid ba ne. Ruwan da ke ɗiga daga bututun na'urar sanyaya ɗaki shi ma yana yi, kuma yawanci zubar da shi ake yi a bayan banki da asibiti.

Mafi arha dai ruwan sama ne, kuma wannan ne ya sa nake ganin aikin da Bature ke farawa a Oktoba, a Daura yana farawa ne a watan Agusta. Daminarmu wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba, bayan nan ba ɗigo sai wata shekara. Wanda bai tari ruwan marka ba, ya rufe shi a jarkoki masu tsabta a inuwa, to ya shirya sayen ruwa na wata takwas. Ruwan farkon damina ba ya cikin lissafi, don ƙurar rani da kashin tsuntsaye na kwano duk a cikinsa suke. Sai rufi ya wanku. Kuma a yi lissafi da gaskiya kafin a shuka: tukwane nawa jarkokin za su ɗauka har Yuni? Tukunya uku da ruwa ya ishe su sun fi goma da za a koma ba su na rijiya a watan Maris.

Ƙasar shuka ita ma sai an haɗa. A can suna cakuɗa ruɓaɓɓen gansakukan fadama, wanda ake kira fit, da farin yashi, rabi da rabi. Fit ba ya samuwa a kasuwar Daura, wanda ake kawowa manyan birane kuma sau da yawa an riga an zuba masa taki da alli don masu furanni, sai a karanta jikin buhun. Abin da ya fi kusa da mu shi ne garin ɓawon kwakwa da masu renon tumatir na zamani ke amfani da shi, amma yana zuwa da gishiri, sai an jiƙa an matse sau da yawa da ruwa mai kyau har lambar ta sauka. Yashin rafi a wanke shi har ruwan ya fito garau, sannan a ɗiga masa ruwan tsami na binega. In ya yi kumfa akwai alli, a zubar. Tukunyar roba ta fi ta ƙasa, ko da yake raina ya fi son aikin maginan tukwanenmu, don yumɓu yana shan gishiri yana kuma saki.

Irin Drosera ƙanƙane ne ainun, ya fi ƙwayar riɗi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, baƙi siriri, atishawa ɗaya ta raba ka da shi. Ana zuba shi a kan farar takarda da aka ninka, a riƙa bugun takardar da yatsa a hankali yana gangarowa kan ƙasar da ta jiƙu. Ba a binne shi, yana son haske. Sai a kifa farar leda ko gindin gorar ruwa da aka yanke a kai, a bar 'yar kafa. A hunturu damshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, lokacin da leɓe ke tsagewa da kaushi ke damun mutane, kuma saman ƙasar da ya bushe yini guda ya isa ya kashe irin da ya fara buɗewa. Murfin yana kuma tare ƙura, wadda ita kanta taki ce da gishiri da iska ke kwasowa daga Sahara. Bayan mako biyu ko uku sai a duba da gilashin ƙara girma. Za a ga ganye biyu kore, ba abin da ya bambanta su da kowace ciyawa. Na uku ne ke fitowa da gashi ja, kowane gashi da ɗigon danƙo a kansa yana ƙyalli, duk tsiron bai kai kan ashana ba, amma ya riga ya iya riƙe ɗan ƙwaron da ke yawo a kan ƙasar. Daga nan ana ɗaga murfin kaɗan-kaɗan cikin makonni har ya saba da iskar gari.

Me ya sa to hunturu, tunda dalilan Bature ba namu ba ne? Saboda daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne ɗakin Daura ke zama tsakanin digiri 20 da 28, wanda shi ne abin da irin ke so, kuma ruwan jarka yana nan da sauransa. Lokaci ɗaya ne da masu noman rani a bakin madatsun Sabke da Daberam ke renon tumatir da albasa. Wanda ya shuka a Nuwamba yana da wata huɗu kafin Afrilu ta zo da digiri 40 da ɗoriya. A nan randar Bah Abba za ta yi rana: a zaunar da tukunyar roba a cikinta, ganye a waje, saiwa a sanyi.

Game da mai tarko kuwa, ra'ayina shi ne a yi haƙuri da ita. Abin burgewa ce, ba musu. Gashin da ke cikin ganyenta sai an taɓa shi sau biyu cikin kamar daƙiƙa 20 sannan ta rufe, don kada ɗigon ruwa ya ruɗe ta, kuma masu bincike a Jami'ar Wurzburg ta Jamus sun nuna a 2016 cewa sai taɓawar ta kai biyar ne take sakin ruwan narkarwa sosai. Amma duk duniya ba ta da gida sai wani ɗan yanki na jihohin Karolaina ta Arewa da ta Kudu a kewayen birnin Wilminton, inda ake yin sanyi na gaske. Irinta ba ya son firji, ita babbar ce ke buƙatar barcin sanyi na kusan wata uku kowace shekara, kuma daga iri zuwa girma shekara uku ne ko huɗu. Bazara uku a jere da wuta mai zuwa da tafiya, ga barcin da hunturunmu ba zai ba ta ba. Drosera indica ko burmannii za su yi fure su ba da iri cikin 'yan watanni, a adana a shuka baɗi.

Sai a kula da masu sayarwa. Hoton mai tarko shuɗiya ko mai launin bakan gizo da ake tallatawa a intanet ƙarya ce, babu irinta, kuma abin da ke zuwa a ƙullin yawanci irin ciyawa ne. Shigo da iri daga waje yana buƙatar izinin hukumar killace kayan gona ta tarayya, NAQS. Wasu nau'o'in kuma suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, a Karolaina ta Arewa ma tun Disambar 2014 tono mai tarko daga daji babban laifi ne. Wanda kuma ya sayi tsiron don maganin sauro ya yi asarar kuɗinsa. Ba abin da zai rage a ɗaki, farantin ruwan da ke ƙarƙashinsa ma in ba a bar shi yana ƙafewa ana wanke shi ba, gidan ƙwan sauro zai zama.

Akwai kuma namu na gida, waɗanda ba a yi musu bidiyo ba. A dazuzzukan Saliyo da Laberiya da Kwaddibuwa akwai wata kurangar itace, Triphyophyllum peltatum, wadda ba ta fitar da ganye mai danƙo sai a wani lokaci na ƙuruciyarta. A 2023 masana a Jamus suka gano ƙarancin fosfaras ne ke sa ta hakan. Drosera indica tana fitowa a jiƙaƙƙen yashi a Najeriya da maƙwabtanta. Wadda ta fi kusa da ɗan Daura ita ce Utricularia, ɗaya daga cikin dangogin da suka fi yawa a cikin masu cin ƙwari. Peter Taylor na lambun Kew ya lissafa nau'i 214 a littafinsa na 1989. Wasu daga cikinsu suna yawo a tafkuna da kududdufan Arewacin Najeriya da Nijar har Tafkin Chadi. Ba su da saiwa. A ƙarshen damina za a ga ɗan fure rawaya ya ɗago sama da ruwa tsakanin bado, a gindinsa wasu 'yan ƙullutai a zagaye suna riƙe shi kada ya nutse. In aka sa hannu aka ɗago, sai ga dogon zare mai laushi cike da 'yan jakunkuna, sababbin kore, waɗanda suka ci abinci baƙaƙe. Kowace jaka tana fitar da ruwan cikinta ta lotsa, ta rufe ƙofa. Ƙaramin ƙwaron ruwa ya taɓa gashin bakin ƙofar, ta buɗe ta zuƙe shi a ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, saurin da mai tarkon Amurka ba ta kama ƙafarsa ba. Ƙananan tsutsotsin sauro ma suna cikin abin da take kamawa.

Malamin kimiyya a makarantar sakandare da ke son nuna wa ɗalibai tsiro mai cin ƙwari ba ya buƙatar odar komai. Ya je bakin tafki a Oktoba ko Nuwamba kafin ya ƙafe, ya ɗebi zare ɗaya ko biyu tare da ruwan wurin a faffaɗar roba, ya ajiye inda rana ke taɓawa da safe, yana cikawa da ruwan sama. A kududdufin da ke bushewa ƙurmus, tsiron yana mutuwa da rani, irin ne ke kwana a busasshiyar laka har ruwa ya dawo. Don haka dunƙulen laka daga gefen da aka ga furen, in aka ajiye shi aka jiƙa da ruwan sama a watan Yuni, yana iya fitar da sabo.